Bikin Kwaikwayon Zamanin Farfaɗowa da Kasuwar da Aka Manta

A kowace shekara, daga bazara zuwa ƙarshen kaka, ana gudanar da wasu bukukuwa a jihohin Amurka da dama, inda ake kafa ƙauyen katako a bayan gari, mutane su sa tufafi irin na Turawan ƙarni na 16, a yini ana kiɗa da wasan kwaikwayo da cinikin kayan hannu, sannan a rufe da karon barade masu sulke a gaban wata 'yar wasa da ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Abin da ake kwaikwayo shi ne zamanin Farfaɗowa, wato lokacin da ya faro a biranen Italiya a ƙarni na 14 ya bazu zuwa sauran ƙasashen Turai har farkon ƙarni na 17, sa'ad da masana da masu zane da magina suka koma ga littattafai da fasahar Girkawa da Rumawan da, aka ƙago na'urar ɗab'i, jiragen ruwa kuma suka kai Turawa nahiyoyin da ba su taɓa sani ba. Duk da faɗin wannan zamani, yawancin bukukuwan sun tsaya ne a kan Ingila ta gidan sarautar Tudor, wanda ya yi mulki daga 1485 zuwa 1603.

Asalin al'adar sananne ne, domin ba ta kai shekara 70 ba. A watan Mayu na 1963 wata malamar makaranta mai suna Phyllis Patterson da mijinta Ron suka shirya bikin kwana biyu a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya domin tara wa gidan rediyon KPFK kuɗi, kasancewar gidan ba ya karɓar talla, da gudummawar masu sauraro yake rayuwa. Kafin nan Phyllis tana koya wa yaran unguwar Laurel Canyon wasan kwaikwayo a harabar gidanta, tana bin salon 'yan wasan Italiya na ƙarni na 16 masu yawo gari-gari, waɗanda ke ɗaura fuskokin fata su ƙirƙiri magana nan take ba tare da rubutaccen wasa ba. Masaniyar al'adun Amurka Rachel Lee Rubin ta nuna a littafinta Well Met na 2012 cewa cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin a shekarun farko akwai ma'aikatan masana'antar fim ta Hollywood da aka hana aiki a shekarun 1950 bisa zargin goyon bayan kwaminisanci, saboda haka bikin ya tashi a hannun ƙwararru waɗanda aka rufe wa ƙofar sana'arsu. An sa wa taron farko suna Renaissance Pleasure Faire and May Market, iyalan Patterson kuwa sun riƙi shagalin da kasuwar da muhimmanci iri ɗaya: masu shiga wasa sai sun halarci darussa kan magana da ladubban zamanin, masu rumfuna kuma ana bukatar kayansu su zama aikin hannu.

Kwaikwayon zamanin da ya shuɗe ya girmi bikin Kalifoniya nesa ba kusa ba. A 1839 wani basarake a Sikotilan, mai riƙe da sarautar Eglinton, ya zubar da dukiya wajen shirya gasar barade a lokacin da littafin Ivanhoe na Walter Scott ya cusa wa jama'a sha'awar jarumtar da, sai dai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya ɓata ranar farko. Wancan taro na manya ne, talaka nasa kallo daga nesa. Sabon abin da iyalan Patterson suka kawo shi ne rushe katangar da ke tsakanin ɗan wasa da ɗan kallo, ta yadda baƙo zai shiga cikin ƙauyen, a gaishe shi, a yi ciniki da shi, a ja shi cikin rawa. Wannan ne ya sa al'adar ta yaɗu da sauri: an buɗe reshe a arewacin Kalifoniya a 1967, bikin Minnesota ya fara a 1971, na Texas a 1974 ƙarƙashin George Coulam, na Maryland a 1977, yayin da ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda aka kafa a Berkeley a 1966 domin masu sha'awar rayuwa da faɗan zamanin da, ta riƙa samar da mutanen da suka iya ɗinki da ƙira da riƙon takobi. A yau bikin Texas kaɗai yana karɓar baƙi fiye da 500,000 a kakar wasa guda.

Girma ya zo da sauyi. Da bukukuwan suka mallaki filaye na dindindin, suka koma hannun kamfanoni masu neman riba, kuɗin shiga da hayar rumfa da cinikin giya suka zama ginshiƙin harkar, sai aka buɗe ƙofa ga duk abin da zai jawo jama'a, tun daga 'yan fashin teku na ƙarni na 18 da mayaƙan Viking da suka riga zamanin da shekara 500, har zuwa aljanu masu fukafukai na littattafan almara. Masu sukar bukukuwan sun fi tsayawa a kan wannan cakuɗa, amma ba nan babbar asarar take ba, domin baƙon da ya biya kuɗinsa ya sa abin da ransa ke so bai cuci kowa ba, farin cikinsa ma yana cikin abin da ke raya taron. Asarar da ta fi ciwo ita ce ta kasuwa. An ɗora fadar sarauniya a tsakiyar biki, aka mayar da kasuwar layin sayar da tsaraba, alhali a ƙarni na 16 kasuwar ita ce taron gaba ɗaya, sarauniya kuwa ba ta zuwa. Duk wani gyara mai ma'ana daga nan ya kamata ya fara, kuma tarihin kasuwannin shekara na Ingila ya tanadi kayan aikin.

Kasuwar shekara, wato wadda ke ci sau ɗaya a shekara na wasu kwanaki bisa takardar izinin sarki, ta bambanta da kasuwar mako ta fuskar girma da nisan da fatake ke tahowa. Wadda ta fi shahara a Landan ita ce ta Bartholomew a filin Smithfield, wadda Sarki Henry na Ɗaya ya ba da izininta a 1133 domin amfanin wani gidan ibada da asibitinsa, tana ci a kusa da 24 ga Agusta, ta kuma daɗe tana zama babbar kasuwar yadin ulu ta ƙasar kafin shagali ya rinjayi ciniki, har hukuma ta rufe ta a 1855. Ben Jonson ya rubuta wasan kwaikwayo a kanta a 1614, cike da masu gasa naman alade da masu wasan 'yar tsana da mawaƙa da 'yan sane. A kusa da Cambridge kuwa akwai kasuwar Stourbridge, wadda Sarki John ya ba asibitin kutare izininta a farkon ƙarni na 13, Sarauniya Elizabeth ta sabunta takardarta a 1589, Daniel Defoe kuma ya bayyana ta a 1724 a matsayin wadda ba ta da tamka. Tana ci ne a watan Satumba a gonakin da aka gama girbe, ana jera rumfuna layi-layi bisa ga haja, kuma har yau akwai titunan Cambridge da ke ɗauke da sunayen waɗannan layuka, kamar Garlic Row na masu tafarnuwa da Mercers Row na masu yadi.

Abin da ya riƙe irin wannan taro shi ne doka. Ana buɗe kasuwa da shela, inda ake karanta sharuɗɗan awo da farashin burodi da giya da haramcin tayar da fitina. Ƙungiyar telolin Landan tana da sandar azurfa mai tsawon yadi ɗaya, wadda wakilanta ke zagayawa da ita rumfunan Bartholomew suna gwada sandunan masu yadi. Kowace kasuwar shekara tana kuma da kotunta, wadda ake kira Piepowder, wato kotun masu ƙura a ƙafa, saboda fataken da suka sha tafiya ne ke kawo ƙara gabanta. Tana sauraron rikicin bashi da algus da sata da faɗa, ta yanke hukunci nan take domin kada baƙo ya makara a garin da ba nasa ba, aikin da ya yi kama da na sarkin kasuwa a ƙasar Hausa mai raba gardamar ciniki kafin kasuwa ta watse. Wata dokar 1477 ta taƙaita ikonta ga abin da ya faru a cikin kasuwar da kwanakinta kaɗai.

Babu wani abu a cikin wannan da ya fi ƙarfin masu shirya biki na yau, kuma kowanne wasan kwaikwayo ne da ya riga ya shirya kansa. Shelar buɗe kasuwa za ta koya wa baƙo dokokin zamanin tun daga bakin ƙofa. Zagayen masu duba awo zai kai wasa har cikin rumfuna, maimakon a tara shi a dandali ɗaya. Zaman kotu sau biyu ko uku a yini, da ƙararrakin da aka ciro daga irin waɗanda tsofaffin takardu suka adana, zai ba 'yan kallo damar zama shaidu da masu taya alƙali shawara. Ana iya buga kuɗin wasa da baƙo zai canza a ƙofa bisa lissafin zamanin, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, lissafin da tsofaffi a Nijeriya da Gana suka yi ciniki da shi kafin zuwan naira da sidi, domin yaron da ya ƙirga canjinsa da wannan tsari ya fahimci darajar kwabo fiye da wanda aka karanta wa allo.

Sana'a ita ce zuciyar lamarin, kuma a nan ne ya dace a fi tsanantawa. Dokar masu sana'a ta 1563 ta wajabta wa ɗan koyo shekara 7 a hannun maigidansa kafin ya tsaya da ƙafarsa, abin da ke nuna irin nauyin da ake bai wa aikin hannu. Rumfar da ta cancanci wuri a tsakiyar biki ita ce wadda ake aiki a cikinta: maƙeri yana zuga wuta, masaƙi yana jefa ƙoshiya, marini yana tsoma ulu a baba, baduku yana yankan fata, mai ɗab'i yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya kamar yadda William Caxton ya fara a Westminster a 1476, ya buga takardar waƙa ko labari irin wadda ake sayarwa kwabo guda. Idan aka jera su layi-layi kamar na Stourbridge, baƙo zai bi ulu daga hannun mai kaɗi zuwa na masaƙi da marini da tela, ya ga da idonsa dalilin da ya sa talakan wancan zamani ke barin rigarsa gado a cikin wasiyya. Samfurin da za a kwaikwaya ma yana nan birjik, tun da jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, ya fito da kayayyaki kimanin 19,000, ciki har da akusan katako da takalman fata da matsefai da bakuna, yawancinsu na talakawan ma'aikatan jirgi.

Gyara na biyu shi ne a zaɓi shekara da gari a tsaya a kansu. Bikin Bristol a jihar Wisconsin ya ɗauki 1574, shekarar da Elizabeth ta ziyarci birnin Bristol na Ingila, wanda hakan ya ba shi hujjar kawo sarauniya cikin taro. Na Maryland yana bin shekarun mulkin Henry na Takwas a ƙauyen da ya raɗa wa suna Revel Grove. A Ingila kanta, gidan Kentwell da ke Suffolk ya daɗe yana zaɓen shekara guda daga zamanin Tudor, masu shiga su ɗinka tufafinsu su zauna cikinta ba tare da sanin abin da ya biyo bayanta ba. Mafi tsauri shi ne bikin Landshut a Jamus, wanda tun 1903 yake kwaikwayon auren ɗan sarkin yankin da 'yar sarkin Poland na 1475, yanzu duk bayan shekara 4, da masu shiga fiye da 2,000 waɗanda ake bukatar su tara gashi, su ajiye tabarau da agogo. Darasin Landshut shi ne a tsananta wa masu wasa a sassauta wa baƙi. Tsayayyar shekara tana kuma ba ɗan wasa abin faɗa, domin ya san wane ne ke mulki, wane labari ne ya iso gari, wace doka ce ke damun mutane. A 1571, alal misali, majalisa ta wajabta wa yawancin maza talakawa da suka haura shekara 6 sa hular ulu ta gida a ranakun Lahadi da na bukukuwa domin kare sana'ar masu hula, a 1574 kuma sarauniya ta fitar da shela mai fayyace wanda aka yarda ya sa siliki ko karan-miski ko zaren zinariya. Ƙauyen da kowa ya fito a basarake ya ɓoye wannan gaskiya; wanda aka cika da manoma da barori da 'yan koyo, manya kuma 'yan ƙalilan, shi ne zai sa a ji nauyin shigowar mai sarauta.

Akwai kuma baƙin da bukukuwan suka daɗe suna mantawa da su, ko da yake takardun zamanin ba su manta ba. John Blanke, baƙar fata mai busa ƙaho a fadar Henry na Bakwai da Henry na Takwas, yana cikin zanen gasar barade ta Westminster ta 1511 da rawani a kansa, kuma takardar da ya rubuta yana neman a ƙara masa albashi daga kwabo 8 zuwa 16 a yini tana nan. Miranda Kaufmann, marubuciyar littafin Black Tudors na 2017, ta gano 'yan Afirka fiye da 300 a takardun Birtaniya na tsakanin 1500 da 1640, cikinsu har da Reasonable Blackman, masaƙin siliki a unguwar Southwark. Bayan da Fafaroma ya kori Elizabeth daga cocin Katolika a 1570, Ingila ta nemi hulɗa da ƙasashen Musulmi, aka yi musayar wasiƙu da Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Uku, aka kafa kamfanin ciniki da Maroko a 1585, inda sukari ke fitowa, sannan a 1600 jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, Abdulwahid bin Mas'ud, ya yi wata kusan shida a Landan da tawagarsa. A wannan shekarar ce John Pory ya buga fassarar Ingilishi ta littafin Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mai ɗauke da bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, saboda haka mai rumfar littattafai a bikin da ya zaɓi 1600 yana da hujjar ajiye labarin ƙasar Hausa a kan teburinsa. Shigar da waɗannan mutane cika tarihi ne, kuma yana buɗe wa ɗan wasa baƙar fata ko Musulmi matsayin da ya tabbata a rubuce, ba sai ya nemi alfarma ba.

Gaskiyar da ta kawo Blanke ita ce kuma ta kawo John Hawkins, wanda ya shiga safarar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma a 1562, da dokar 1572 da ta lissafa ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin 'yan gararamba masu cancantar bulala, da annobar da ta sa aka hana kasuwar Bartholomew ci a 1625 da 1665. Wurin shagali da yara ba zai ɗauki duka wannan ba, kuma ƙurar da ta tashi a 1994 lokacin da gidan tarihin Colonial Williamsburg ya kwaikwayi gwanjon bayi ta nuna irin hattarar da ake bukata. Amma rumfa ɗaya a gefe, da masani mai magana da muryarsa ta yau, ta isa ta amsa wa mai tambaya ba tare da an mayar da wahalar mutane abin dariya ba.

Karon barade bai taɓa zama na kasuwa ba, wasan fada ne mai tsada da haɗari, wanda ya jikkata Henry na Takwas a 1536 ya kuma yi ajalin Sarkin Faransa Henry na Biyu a 1559. Cire shi zai kashe biki, don haka abin yi shi ne a gabatar da shi yadda yake, da sanƙira mai bayyana cewa ana ƙirga maki ne da yawan masun da aka karya a jikin abokin karo, bisa ƙa'idoji irin waɗanda John Tiptoft ya tsara a 1466, a kuma kula da hutun dawaki da inuwa da ruwa. Cinyar talo-talo mai hayaƙi da ta zama tambarin bukukuwan ɗabi'ar Amurka ce, ko da yake tsuntsun ya isa Ingila kafin tsakiyar ƙarni na 16. Babu laifi a bar ta, muddin a gefenta akwai faten hatsi da ganye da burodi da cuku da talaka ke ci, ba tare da shayi ko kofi ba, waɗanda sai a tsakiyar ƙarni na 17 suka shigo.

Duk waɗannan shawarwari suna komawa ga tambayar wanda zai biya. Yawancin masu raya ƙauyen 'yan sa-kai ne ko masu ƙaramin lada, masu wasan dandali da yawa kuma da abin da 'yan kallo suka jefa a hula suke cika aljihu, alhali koyon magana da ɗinki da tarihin shekara guda yana cin watanni. Mai shirya bikin da ke son kotu da masu duba awo da layin sana'a dole ya ware musu kaso a kasafinsa kamar yadda yake ware wa barade, ya dawo da darussan share fage irin na iyalan Patterson, ya kafa kwamitin masu sana'a da zai tantance kaya kafin a ba da rumfa, ya kuma nemi haɗin gwiwar jami'o'i da gidajen tarihi na yankinsa. Hayar rumfa ma sai an bambanta ta, domin maƙerin da zai yini yana zuga wuta a gaban jama'a ya ƙera wuƙa biyu ko uku ba zai iya biyan abin da mai sayo wuƙaƙe ɗari daga masana'anta ke biya ba, kuma idan aka yi musu kuɗin goro, maƙerin ne zai fara naɗe kayansa.